Ƙibar da Goggo Ta Dama Mini a Kunu

Lokacin da wannan abu ya same ni, malama ce ni a wata firamare a Dutse, ban daɗe da aure ba, ina ɗauke da cikin fari. Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Miga, gidan shanu, kuma duk zuri'armu sirara ne. Ni har na fi kowa, don tun ina makaranta ake kira na sillan kara. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo ba, lafiyata ƙalau, ina cin abincina ina aikina. Dangin mijina ne, manoma masu jiki, suka mai da ramata abin hira, wai gidan nono da man shanu amma 'yarsu iska ma sai ta ɗauke ta. Ni dariya nake yi. Ashe akwai wadda maganar ta tsaya wa a rai. Na rubuto muku ne don har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Na sauka lafiya, na samu 'ya mace, aka kai ni gida wanka kamar yadda aka saba. Da yake ni ce 'yar fari, Innata ko ido ba ta ɗagawa ta dube ni saboda kunya, sai aka danƙa ni a hannun Goggo, yayar Baffanmu, wato mahaifinmu. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke gasa nama, ita ke dama kunun kanwa. Tun ranar farko ta gaya mini ba za ta mai da ni Dutse in ja mata abin faɗa ba. A wajenmu jikin mai jego shi ne shaidar gidansu. In ta koma ta yi ɓul-ɓul a ce an san darajarta, in ta koma a bushe a ce iyayenta ko dai babu ko dai rowa. Kunun nan na Goggo yana da wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Da na yi magana sai ta ce kanwar ce mai ƙarfi, kuma 'yan boko ba a raba su da tsirfa. Tana tsaye a kaina har sai ta ga gindin ƙwarya.

Ba a jima ba na fara cin abinci kamar wadda aka yi wa baki. In gama da tuwo in nemi fura, in gama da fura in leƙa tukunya. Barci ya ƙaurace mini, ƙirjina yana zafi, ƙishirwa ba ta yankewa, ga yawan fitsari, ga faɗa ba dalili, har jaririyar ma kukanta haushi yake ba ni. Ɗinkin da aka yi mini wajen haihuwa ya ƙi warkewa. Fuskata ta cika ta yi zagaye kamar faifai, ƙeyata ta yi tozo, cikina ya fito da wasu jajayen zane, amma hannuwa da ƙafafu suna nan a tsotse. Duk abin da na kai ƙara a kansa amsa ɗaya ce, wai jego ne. Mata kuwa in sun shigo barka sai yabo, wai wanka ya karɓe ni, Goggo ta iya riƙon mai jego. Aka ɗauke ni hoto a waya aka aika wa dangin miji. Da arba'in ta cika Goggo ta ce a ƙara mini 'yan makonni in ƙarasa murmurewa.

Ranar da aka mai da ni Dutse har guɗa aka yi. Masu cewa iska za ta ɗauke ni su ne suka riƙa juya ni suna sa albarka. Kwanaki kaɗan bayan nan jikina ya saki. Gaɓoɓina suna ciwo, abinci ya fita raina, sai amai, in na miƙe jiri ya kwashe ni. Wata safiya na gama yi wa yarinyar wanka, na shimfiɗe ta a katifa, na juyo zan ɗauki baho, daga nan ban sake sanin inda nake ba. Abin da ke firgita ni har yanzu shi ne, da jirin ya riga ni da ɗan lokaci kaɗan, da a kan ruwan zafi zan faɗi da ita a hannuna. Maigidana ya tari adaidaita sahu aka yi asibiti da ni.

Da na farfaɗo likita ya dubi fuskata, ya dubi ƙafafuna, ya dubi zanen cikina, sai ya tambaye ni wane magani nake sha. Na ce babu. Ya sake tambaya, na rantse masa. Ya ce mata da yawa haka suke musantawa, alhali raina ne a kan layin mutuwa, gara in faɗi gaskiya. Sai na ga maigidana ya juyo yana kallona, irin kallon da ake yi wa wanda aka kama da ƙarya. Wallahi kallon nan ya fi allurar da ke hannuna zafi. Shi ne ya fita ya buga waya gidanmu, aka haɗa shi da Goggo. Ko gezau ba ta yi ba, ta ce ai ba wani abu ba ne, 'yan ƙwayoyin Baffa ne take daka mini a kunu.

Baffanmu yana da ciwon asma. An taɓa kai shi asibiti a Jahun numfashi yana neman gagarar sa, likita ya rubuta masa wani magani da ake kira dekza na 'yan kwanaki, kuma ya ji daɗinsa ƙwarai. Goggo ta lura a kwanakin yana cin abinci da yawa, ta kuma gane maganin shi ne wanda masu kiwo ke kira sha ka fashe, suna ɗura wa raguna gab da layya don su cika ido. Sai ta adana kwalin. Da na zo wanka ta kai shi wani kemis ranar kasuwa, mai shagon ya miƙo mata ba takardar likita, ba tambayar wa zai sha. In ya ƙare ta koma. Haka aka yi ta kiwata ni safe da yamma, ni da ragon gidanmu maganinmu ɗaya.

Likitan ya yi mana bayani, kuma shi ne ya sa na daina tsine wa ƙwayar ita kanta. Ya ce magani ne na gaske, yana ceton masu asma da masu kumburin gaɓoɓi da wasu cututtuka masu tsanani, amma da awo da wa'adi. Jikin mutum yana yin irinsa da kansa. In aka daɗe ana sha sai jiki ya daina yin nasa, in kuma aka yanke farat ɗaya sai mutum ya rasa duka biyun, jini ya yi ƙasa, ana iya mutuwa. Dawowata Dutse ita ce yankewar, tunda ban san ina sha ba balle in san na daina. Ƙibar kuma ya ce ruwa ne da kitsen da ya taru inda bai kamata ba, ga shi maganin yana raunana garkuwar jiki da ƙashi, yana ta da sukari. Abin takaici, da irin maganin aka ceto ni, sannan aka yi watanni ana rage mini shi kaɗan-kaɗan. Sukarina ya daɗe bai daidaita ba, zango guda ban shiga aji ba. An duba yarinyar ba abin da ya same ta, amma ruwan nonona ya janye, da madarar gwangwani na ƙarasa rainonta. Jikar masu shanu ke nan.

Goggo ta zo dubiya da ƙwaryar fura da nono. Na zaci haƙuri za ta ba ni. Sai cewa ta yi kuskurenta ɗaya ne, da ta ƙulla mini sauran na taho da shi da duk wannan bai faru ba, tunda ga shi likitan ma shi ya ba ni. 'Yan uwa suka taru a kaina, wai babba ce, don ƙauna ta yi, in rufa asiri. Ban zage ta ba, ba a yi mini tarbiyyar haka ba, amma furar nan ban sha ba. Na yarda tana sona. Sai dai ta fi tsoron bakin mutane a kan ciwon da nake gaya mata kullum. Mai kemis kuwa yana nan yana cinikinsa, kuma masu tsokanar da suka jawo komai sun koma cewa na lalace.

Abin da na koya shi ne, ba kowace cikar fuska ce lafiya ba. Maganin da likita ya rubuta wa wani nasa ne shi kaɗai. Wadda ta riga ta daɗe tana shan wannan, don Allah kada ta watsar da kanta, ta je asibiti ta faɗi gaskiya a sauke ta a hankali. Iyayenmu masu riƙon jego, ku ji tsoron Allah, kada ku zuba wa 'ya'yanku abin da ba su sani ba, ramar da aka haifi mutum da ita ba abin kunya ba ce. Haihuwata ta biyu a ɗakina na yi wanka, da hannuna na dama kununa, aka yi ta surutu na toshe kunne. Hoton nan kuwa Goggo ta sa an wanke shi babba ta rataye a ɗakinta, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa ta ce ya ga lokacin da na yi kyau. Ni in na kalle shi, matar da ta kusa barin jaririyarta marainiya nake gani.