Rigar Sarauniya daga Tsohon Labule

Tanti Veturia ta tsufa a ɗakin ɗinkin gidan opera na garinmu, gidan wasan kwaikwayo na waƙa, can ƙarƙashin dandamali inda babu taga. Tun tana budurwa take warware kayan wasan bara ta ɗinka na bana. Alkyabbar sarki ta koma siket ɗin baiwa, siket ya koma hular soja. In launi ya koɗe, ta tafasa ɓawon albasa ta rina.

Da kaka ta shigo, hukumar gari ta ce za a rufe ɗakin, a riƙa hayar kayan wasa na yadin roba daga Bukares, babban birni. Octav, daraktan gidan, ya yi ta roƙo har aka ba su wasa ɗaya: in kayan gida suka fitar da su kunya, ɗakin ya tsira. Kuɗin yadi kuwa, ba a ma yi zancensa ba.

Rigar sarauniya ce matsalar. Veturia ta ciro wani jan karammiski, wanda asalinsa labulen dandamali ne, an sha ɗinka shi ana warwarewa. Ta ɗaga shi a gaban fitila, ta ga hujin allura layi-layi. Ta yi masa shafi da zanen gado.

"Tanti, rigar nan warin kakata take," in ji Ilinka, mawaƙiyar da za ta fito a sarauniya.

"Kakarki ta fi ki murya. Tsaya cak, kar in tsire ki."

"To sassauta min haƙarƙari, da numfashi nake cin abinci."

"Ki rage cin sarmale, sai ta sassauta da kanta."

Ranar gwajin ƙarshe mutanen hukuma suka zauna a sahun gaba. Ilinka ta cika ƙirji za ta ɗaga murya, sai bayan rigar ya dare tun daga wuya har ƙugu. Ɗinkin yana nan daram, yadin ne ya gaji.

Octav ya sauko ƙasa ya sami Veturia zaune gaban keken ɗinki.

"Tanti, ko faci?"

"A jikin me, ɗana? Taɓa ka ji."

Ya taɓa, yadin ya marmashe a yatsunsa.

Kafin Kirsimeti aka rufe ɗakin. An bar Veturia tana guga da rataye kayan haya, bisa sharaɗin kada almakashinta ya taɓa ko ɗaya.