Abin da na tsuguna zan faɗa wa Baba

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare da ke Kawo aka kawo mana wata 'yar bautar ƙasa daga Kudu. A barikin soja ta girma, don haka tana jin Hausa, irin wadda ba ta raba mace da namiji. Ita ta ƙirƙiro zaman ranar Alhamis. Bayan an tashi sai ta tara mu a gindin mangwaro, mu yi da'ira, kowa ya faɗi abin da ke ransa, wanda ya yi wa wani dariya kuma ya ba shi haƙuri a gaban kowa.

Ranar farko duk wanda ta tambaya sai ya ce lafiya lau. Har yaron da aka zane da safe, yana zaune a karkace, lafiya lau ya ce. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Daga yau babu lafiya lau, babu ba komai. Na soke shi." Muka kalli juna. Ta ƙwace mana duk abin da muke amsa wa manya da shi.

A hankali bakinmu ya buɗe. Na koyi cewa "na ji haushi" ba tare da na kai naushi ba, kuma har yau ina gode mata. Sai wata Alhamis ta ba mu aikin gida: kowa ya je ya zauna da mahaifinsa, ya dube shi, ya faɗa masa abu guda da ke zuciyarsa.

Ni ɗan fari ne. Baba akawu ne a ma'aikatar gona, mutumin ƙauyen Katsina, mai riƙon al'ada, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Kunyata yake ji. In yana son ruwa ina tsaye a gabansa, ƙanwata zai kira, wadda yake ce wa Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta. Ita ke hawa cinyarsa, ita ke ja masa gemu. Na san ba ƙi na yake yi ba, amma sanin bai taɓa rage mini zafin abin ba.

Ga shi a lokacin ba shi da lafiya. Ciwon hanta ya kumbura masa ciki, ya daina zuwa ofis, yana wuni a tabarma a tsakar gidanmu na Hayin Banki da rediyonsa. Abin da nake son faɗa masa bai fi cikin cokali ba: Baba, ina tsoron ka mutu.

Na yi ta maimaita shi a hanya. Da la'asar na cire takalmi na tsuguna a bakin tabarmarsa, na ɗaga ido na dube shi kamar yadda aka koya mana. Ya kau da kai, ya shiga murɗa rediyo.

"Uwata," ya ce, "tambayi yayanki me yake so."

Ƙanwata ta juyo da bakinta duk kunu. "Wai me kake so?"

Ta yaya zan ba yarinyar da ko makaranta ba ta shiga ba wannan saƙo ta kai? Na ce, "Ba komai." Na ɗauki takalmina.

Da na ba malama labari, ta ce in sake gwadawa, ai uba uba ne ko'ina. Raina ya ɓaci. Ta ɗauka taurin kai ne irin na yara. Ba ta san a gidanmu wannan shirun shi ne ladabi ba, kuma ni ba ni da Turancin da zan fahimtar da ita. Na sake gwadawa, ba sau ɗaya ba. Kullum rediyon ne ke amsa mini.

Da asibiti ya gaza, 'yan uwansa suka zo za su kai shi gida a gwada na gargajiya. Muka raka shi tashar Kawo. An kwantar masa da kujerar gaba, 'yan kamasho na ta kiran Katsina, Katsina. Ya kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, yana shafa kansu. Ni ina tsaye dab da tagar, hannuna a kan ƙofar motar. Ya dubi Inna.

"A ce wa yaron nan ya kula da su." Sai ya miƙa wa ƙanwata rediyon. "Uwata, ba yayanki."

Ta miƙo mini, da ɗumin jikinsa a jiki. Direba ya tayar da mota.

Bai dawo ba. Bayan sadakar bakwai na koma makaranta, Alhamis ta zagayo, muka yi da'ira. Da layi ya zo kaina malama ta tambaye ni a hankali yaya nake ji. Na ce lafiya lau. Ta daɗe tana kallona, sannan ta wuce kan na kusa da ni.