Laifin Bututu Ne

Wani tsoho na tsaye a shagon Verna mai gyaran bindigogi a jihar Wyoming ta Amurka, malafa ta sha zufa, gashin baki kamar tsintsiyar da ta gaji da shara. Bindigarsa irin wadda ake ɗanawa da mariƙin da ke ƙasanta ce, yana ta wasa da mariƙin don kowa ya ji.

"'Yan mata, sauya mini bututun bindigar nan kafin Asabar. Barewa uku ya sa na kuskure bara."

Verna, mai jikoki biyar, ta leƙa bututun. Sabo fil, wani maƙerin ya riga ta cin kasuwar. Ta dubi idanun tsohon, duk sun yi yana. Ta san irinsu: ran da ya amsa laifin ido ne, 'ya'yansa za su karɓe bindiga da makullin mota.

"Baba, ko tabarau za a gwada?"

"Ni? Ƙuda nake hangowa a kan dutsen can!"

Ya juya zai fita, ya ɗaga wa busasshen kan barewar da ke bango malafa.

"Sannu da hutawa, yallaɓai."