Kwanon da Aka Mayar Mini

A ƙauyenmu na gefen Dutsi, baƙo in ya ƙoshi yakan rage tuwo, in ba shi da lafiya yakan gutsuri ko loma guda. Amma a mayar wa mace da kwanonta yadda ta kai shi, malmala ba a taɓa ba, wannan zagi ne. Ni an yi mini, kuma a gaban mata aka yi mini.

Shekarar da matar ɗana ta yi haihuwar fari, ta tafi wankan gida wajen iyayenta a Daura. Da ta yi arba'in danginta suka rako ta, mota cike da mata da gara. Wadda ta ja gaba gwaggonta ce, wata Hajiya mai haƙorin Makka, ita ke magana da yawun kowa. Damina ce, an kwana ana ruwa, itace ya jiƙe sharkaf. Madafata kuwa 'yar rumfar kara ce jingine da ɗakin da na sauke su. Na hura, na hura, idona na zuba, hayaƙi na bin ƙofa yana shiga musu. A haka na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da kaza da man shanu, na aika.

Ba a jima ba sai ga Hajiya ta fito da kwanon a hannu, ta toshe hanci da gyale. Ta dire shi a gabana, maƙwabta na zaune.

Ta ce, "Sannu da aiki, Inna. A ba awaki. Mu cikinmu bai saba da tuwon hayaƙi ba."

Na ce, "A yi haƙuri, Hajiya." Iyakar abin da na ce ke nan, don uwar miji ba ta musu da dangin amarya a irin wannan rana.

Kafin kaka sunan ya zaga gari. Ni da ake aikowa a ɗauke ni tuƙin biki har Mashi, sai aka daina aikowa. A bakin rijiya mata su ce, "Mai tuwon hayaƙi, an tashi lafiya?" Su wasa suke, ni ma in yi dariya. Amma na ajiye. Na ajiye kamar yadda ake ajiye iri a rumbu.

Ana nan, ana nan, Allah ya buɗa wa ɗana a fataucin dabbobi, ya ce zai rushe ginin ƙasa ya yi na bulo. Ya tambaye ni irin ɗakin da nake so. Na ce ɗaki kowane iri ne, kwana kawai zan yi a ciki. Madafa dai ni zan tsara ta.

Na ɗauki muciya na zana wa magini a ƙasa. Nan kicin, mai faɗi, a sa masa tayil da gas yadda ɗana ke so. Ɗakin baƙi ya tsaya can, tagarsa na kallon ƙofar kicin, wanda ke ciki ya ga tayil ya ga gas. Tsakaninsu rumfa babba da dakali, ta yadda babu kwanon da zai shiga ko ya fito sai ya ratsa ta gaban matan da ke zaune. A bayan kicin kuma na zana wani ɗan lungu mai ƙofa, na ce a ja masa bututu ya wuce rufi, hayaƙi ya tafi sama abinsa.

Magini ya ce, "Inna, wannan lungun fa na mene ne?"

Na ce, "Na tsofaffin gida ne."

Ranar da aka gama, da hannuna na kinkimo duwatsun tsohon murhuna, baƙaƙe ƙirin, na girka su a lungun. Ɗana ya ce, "Haba Inna, ga gas, me za ki yi da duwatsu?" Na ce su ma akwai wadda suke jira.

Sai na zauna jiran matar ɗana ta sake haihuwa. Haihuwa ta zo, aka tafi wanka, aka sa ranar dawowa. Na aika wa duk macen da ke zaune a tsakar gidana waccan rana, wadda ta mutu na kira 'yarta. Rumfa ta cika. Hajiya ta sauko daga mota, ta tsufa kamar yadda na tsufa, sai dai bakin yana nan. Ta leƙa kicin ta ce, "To, yanzu kam an shigo gari."

Na ɗora tukunyar ruwa a kan gas, tana ta tafasa don mai kallo ta taga. Ni kuwa na shige lungu na ja ƙofa. Itacen ma sai da na zaɓi mai danshi. Dawa irin ta waccan rana, kuka irin ta waccan rana. Kuma ban aika ba sai da la'asar ta gabato, yunwa ta gama sallama da su.

Kwano ya ratsa rumfa ya shiga. Kwano ya ratsa rumfa ya fito, an suɗe shi tas, aka ce wai a ƙara. Na ƙara. Can sai ga Hajiya tana goge baki, ta tsaya a tsakiyar mata.

Ta ce, "Kin gani ko, Inna? Tuwon gas daban ne. Wannan ko a Daura sai haka."

Na tashi a hankali na kama hannunta. Na ce, "Zo, Hajiya, ki gaida waɗanda suka yi aikin." Mata suka biyo mu. Na tura ƙofar lungu. Ga duwatsu, ga garwashi bai mutu ba, ga baƙar tukunyata da ƙanzo a gindinta.

Na ce, "Kin gane su? Su ne dai na wancan karon. Awaki ne yau suka yi rashi."

Wata ta rangaɗa guɗa. Hajiya ta saki baki, haƙorin ya haska.

Da za su tafi na kankare ƙanzon nan duka, na ɗaure shi a leda, na miƙa mata da hannu biyu a gaban kowa. Na ce tsaraba ce. Ta dubi mata, mata suka dube ta. Ta karɓa.

Kasuwa ba ta zagayo ba aka aiko daga Mashi, wai akwai biki, in zo da muciyata.