Kwalaben Malam Bube da na zubar

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Malam Bube, malamin dabbobin da na fara aiki a ƙarƙashinsa a Bodinga. In faɗa tun yanzu: na tsufa, wasu abubuwan sun cakuɗe mini, ba kowanne zan rantse a kai ba.

A ƙarshen jamhuriya ta biyu ne, lokacin tsuke bakin aljihu, shanu suka riƙa mutuwa wajen Kajiji. Aikinmu mu ɗebi jini mu aika a gwada. Firjinmu na kananzir ne, kananzir kuwa ya yi wuya. Sai Malam ya koma ɗiga jinin cikin kwalabe masu zuma da gishiri, yana jera su a gindin randa. Makiyayan ba sa son a taɓa jinin saniya. Arɗonsu ya yarda ne don Malam ya yi masa alkawarin amsa.

Ni kuwa ga sabon digiri. Littafi ya ce jinin da bai sha sanyi ba ya lalace. Ran da Malam ya tafi garin Shagari na zubar da jinin, na wanke kwalaben tas.

Da ya dawo ya ga kwalaben wayam, ya ce mini:

"Malam ƙarami, mi kay yi haka?"

Na buɗe masa shafin.

"To. Littahin ga za ni kai ma Arɗo?"

Aka rubuta masa takardar sakaci. Bai ambaci sunana ba, ni ma na ja bakina. Makiyayan ba su ƙara barinsa kusa da shanunsu ba.

Kwanan nan ɗiyata mai karatun kimiyya ta ce mini ana haɗa wasu ruwaye marasa guba, daga sukari da makamantansa, masu riƙe DNA, wato sinadarin gado da ke cikin jini, ya daɗe ba firji. Ta ce wasunsu kuma suna sa zarensa ya warware tun zafi bai yi yawa ba. Don haka ba zan ce zumar Malam za ta yi aiki ba. Ban dai bari an gani ba. Da yana raye, ina jin tambaya ɗaya zai yi: ruwan nan ya iso Kajiji?

Haƙurinsa ne ya rage mini, kuma ya fi faɗa nauyi. Wanda ya shaida abin nan, in na kauce ya aiko a gyara. Wanda kuma ya san zuriyar Arɗo, don Allah ya faɗa musu Malam Bube bai saɓa alkawari ba. Ni ne.