Malam Ɗanjuma, Wanda Bai Taɓa Yabona Ba

Ranar Talata da hantsi ina tsaye gaban teburin tantance fata a masana'antarmu ta Challawa, direban kamfani ya leƙo ya ce Malam Ɗanjuma ya rasu. Na yi salati. Alli na hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Shekara goma sha huɗu na yi a ƙarƙashinsa. Aikinmu shi ne duba fatar da aka jeme, mu sa mata lamba da alli: ɗaya ga mafi kyau, sai biyu, sai uku. Shi ya koya mini ɗaga fata a haske in nemo sawun wuƙa da cizon kaska. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa ce mini sannu da ƙoƙari ba. In na yi daidai ya yi shiru, in na kuskure ya goge lambar da babban yatsa. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Malam ya tsani fadanci. Ranar da aka kawo sabon manaja muka yi ta zuba masa kirari, ni har da cewa ba mu taɓa samun shugaba irinsa ba, alhali ko awa guda bai yi da zuwa ba. Da ya fita, Malam ya dube ni ya ce, "Habibu, ka ba fata lamba ɗaya ba ka juya bayanta ba." Yakan kuma ce, "In yabo ya fi ƙarfin mutum, rigar wani aka sa masa."

A zaman makokinsa a Panshekara kaina ya ɗaure. Wannan ya ce Malam bai taɓa fushi ba, wancan ya ce kullum fuskarsa a sake take. Na rasa ko Malam ɗin da ya taɓa jifana da alli ake nufi. Na so in gyara, na ga ba wurin ba ne.

Da na shiga yi wa matarsa Hajiya Rabi gaisuwa, sai ta ce, "Kai ne Habibu? Ai kullum Malam cewa yake idonka ya fi nasa."

Na ce, "Hajiya, su da bakinsu?"

Ta ce, "To da bakin wa, ɗan nan?"

Tun ranar ban samu natsuwa ba. Ya faɗa ɗin, ko ita ma maganar makoki ta yi mini don in ji sanyi? In ya faɗa, me ya hana shi gaya mini? Wanda zai raba mini gardama ya tafi.

Da abokan aiki suka ce in rubuta wani abu a kansa, sai na ji tsoron in wuce gona da iri. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa: bai taɓa sa wa fata lambar da ba tata ba, ko da manaja na tsaye a kansa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa zafin ransa, Ya ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙuri. Ya Allah, mu dai mun kasa sa masa lamba. Kai da Ka san ciki da baya, Ka dube shi da rahama, kada Ka dube shi yadda yake duba fata.