Maɗauran Rigar Orrin

Ranar Asabar ɗin, cikin Nuwamban 1897, Orrin Hartsock ya tatsi saniya da ƙarfe shida. Ƙarfe bakwai ya ci ƙwai huɗu da burodi. Shekararsa sha tara, yana aji biyu a kwalejin garinsu a Ohio, burinsa ya zama likitan dabbobi. Duk ƙungiyar ƙwallon Amurka ta kwalejin babu marar nauyi kamarsa, don haka shi ake ba ƙwallo ya rungume, abokan wasansa su kama maɗauran fata da ke jikin rigarsa su cilla shi ta saman 'yan ɗaya ɓangaren.

Ƙarfe tara mahaifiyarsa ta ƙara wa maɗauran ɗinki.

"Sai ka ce jakar tafiya," in ji ta.

"Jakar da ta ci wasa biyar, Mama."

Ƙarfe ɗaya mahaifinsa Lemuel, malamin lissafi, ya tare mai horar da su, Pruett, tsohon ɗalibinsa. Tun da Orrin ya bugu a ka makon jiya yake fama da jiri.

"In ya sake buguwa, ka fitar da shi."

"Na ɗauki alkawari, Malam."

Ƙarfe uku da kwata aka cilla Orrin, ya sauko da ka. A ƙa'idar wasan, wanda aka fitar ba ya komawa. Lemuel yana bayan igiyar 'yan kallo, ya ga Pruett ya sheƙa wa yaron bokitin ruwa, ya ɗago shi da maɗauran nan.

"Tashi, ɗan tsako! Yadi uku ya rage mu kai layin ci!"

Aka sake cilla shi. Ya ci yadi ukun. Bai farfaɗo ba, ya cika ranar Litinin.

Pruett na cikin masu ɗaukar akwatin gawa. Asabar ta zagayo suka buga wasan ƙarshe, suka ci. Kafin nan, ranar Alhamis, Pruett ya zo gidan Lemuel, hula a hannu.

"Rigar ta ƙungiya ce, Malam. Kuma ɗinkin Mama ya fi na kowa ƙarfi."

Littattafan Orrin aka ba ɗakin karatu na coci, takalmansa aka ba maƙwabci. Rigar kuwa, Lemuel ya shimfiɗa ta a tebur, ya sa aska ya warware ɗinkin zare-zare, ba tare da ya yanki yadin ba. Ya ninke ta ya aika wa Pruett. Maɗauran huɗu suna cikin aljihun teburinsa, kusa da alli.